Ragowar Magani da Ciwon Haƙorin Hankali: Haƙƙin Mai Ciwo da Haƙƙin Jama'a

Ciwon haƙorin ƙarshe, wanda ake kira haƙorin hankali, yana cikin cututtukan da ke lafawa su sake tashi. Wanda ya taɓa fama da shi, likita ya rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ya sha ya samu sauƙi, yakan ajiye 'yan kafson da suka rage a cikin kwabet ko aljihun jaka. Idan dasashi ya sake kumbura bayan wasu watanni, sai ya ɗauko su ya haɗiya, ba tare da ya koma asibiti ba. A fili wannan magana ce ta likitoci, amma tana ɗauke da tambayoyi huɗu na addini da falsafa. Shin yin haka yana cikin neman maganin da shari'a ta kwaɗaitar a kai? Shin zubar da ragowar almubazzaranci ne? Shin akwai haƙƙin wasu mutane a cikin maganin da mutum ya saya da kuɗinsa? Kuma me larura ta halatta ga wanda ba shi da hanyar ganin likita? Amsar kowace ta dogara ga sanin ciwon kansa tukuna, domin malaman fikihu sun daɗe da tabbatar da cewa ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimci haƙiƙaninsa ba.

Yadda ciwon yake

Baligi yana da haƙora 32 idan sun cika, huɗu daga ciki su ne turamen ƙarshe, biyu a sama biyu a ƙasa. Sukan fito tsakanin shekara 17 da 25, lokacin da sauran haƙora suka riga suka kama wuri. A wajen mutane da yawa muƙamuƙi ba ya barin fili isasshe, sai haƙorin ya fito rabi, ko ya fito a karkace ya tokare na gabansa, tsokar dasashi kuma ta rufe wani sashe na kansa. Tsakanin wannan tsoka da haƙorin akwai rami da asuwaki da buroshi ba sa kaiwa. Ɓarɓashin abinci yana taruwa a can, bakteriya suna hayayyafa, wurin ya kumbura. Idan ya kumbura, haƙorin sama yakan riƙa dannar tsokar a duk lokacin tauna, ciwo ya ƙaru. Alamominsa su ne zogi a ƙarshen muƙamuƙi, warin baki, fitar mugunya, wani lokaci da wahalar buɗe baki da zazzaɓi.

Dalilin dawowar ciwon yana cikin wannan siffa. Muddin ramin yana nan, abin da ya haddasa kumburin farko zai haddasa na biyu. Shi ya sa aikin likitan haƙori na farko shi ne wanke ƙarƙashin tsokar da ruwan gishiri ko maganin wanke baki, da ba da maganin rage zogi, da ɗaukar hoton muƙamuƙi don ganin yadda haƙorin ya kwanta. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoksilin ko metronidazol da aka fi sani da Flagyl, ana ba da shi ne idan akwai alamar ciwon ya bazu, kamar zazzaɓi ko kumburin fuska. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a shekarar 2000 ta hana cire haƙorin hankali mai lafiya haka kawai, amma ta ce idan kumburin ya maimaitu karo na biyu ko fiye, cirewa ta zama abin da ya dace.

Abin da ragowar magani ke yi

Ragowar magani tana da naƙasu ta fuskoki da dama. Yawanta ba ya kai adadin da ake buƙata, domin saura ce. Ƙarfinta yana iya raguwa idan ta daɗe a ɗaki mai zafi ko danshi, musamman maganin ruwa na yara, wanda ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu bayan an haɗa shi. Wani lokaci ma ba don haƙori aka rubuta ta ba, an ba wani ne don tari ko ciwon mara. Sannan kowane magani yana da waɗanda bai dace da su ba: jikin wasu ba ya karɓar dangin fenisilin har abin ya kai ga shaƙewar numfashi, metronidazol yana karo da maganin tsinka jini na warfarin, tetirasaikilin kuma yana ɓata haƙoran yara kuma ba a ba mai juna biyu.

Babbar illar ita ce sauƙin da take kawowa. Zogi yakan lafa na ɗan lokaci, mai ciwo ya ɗauka ya warke, ya ɗage zuwa asibiti. A wannan tsakani haƙorin da ke maƙwabtaka yana iya ruɓewa, ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye. A wasu lokuta ciwon yakan gangara ƙarƙashin harshe da wuya, ya kumbura har ya toshe hanyar numfashi. Likitan Jamus Wilhelm Friedrich von Ludwig ya siffanta wannan yanayi a 1836, har yau da sunansa ake kiransa, kuma turamen ƙasa na ƙarshe da waɗanda ke gabansu su ne mafi yawan tushensa. Masu ciwon sukari da masu raunin garkuwar jiki sun fi shiga wannan haɗari.

Neman magani da sharaɗin sani

Babu saɓani a kan halaccin neman magani. Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, tana da babi da ya tabbatar da cewa babu laifi a yin magani da shansa. Majalisar Fikihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta fayyace cewa hukuncin yana sauyawa da halin mai ciwo: wajibi ne idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa, ko idan cutar tana yaɗuwa ga wasu, mustahabbi ne idan barinsa zai raunana jiki kawai, makaruhi ne idan ana tsoron maganin zai jawo abin da ya fi cutar muni.

Mai shan ragowar magani yakan ga kansa a matsayin wanda ya riƙi sababi, bai zauna ya naɗe hannu da sunan tawakkali ba. Sai dai hadisin da Muslim ya ruwaito daga Jabir ya rataya waraka, da iznin Allah, a kan dacewar magani da cutar. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi dogon bayani a kan wannan sharaɗi a Zadul Ma'ad: maganin da ya gaza adadi ba ya kawar da cuta, wanda ya wuce kima yakan koma wata cutar, haka nan wanda aka sha ba a lokacinsa ba. Ke nan abin da aka kwaɗaitar a kai shi ne sababin da ya dace, sanin dacewa kuwa ilimi ne. Wanda ya haɗiyi kafso ba tare da sanin sunan ciwonsa ko adadin da ake buƙata ba ya yi aiki da zato, a wurin da hanyar samun yaƙini take a buɗe.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɓangaren mai ciwo, wadda Bahaushe ke taƙaitawa da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya sha wannan ciwo a baya, ya gane zoginsa, ya ga maganin da ya yi aiki. Wannan sani na gaskiya ne, kuma likita nagari yana dogara da shi wajen jin tarihin ciwo. Iyakarsa ita ce ya tsaya ga abin da ake ji. Zogin kumburin dasashi, da na ruɓar haƙorin da ke kusa, da na mugunyar da ta taru a saiwa, duk suna kama da juna ga mai jin su, maganinsu kuwa daban-daban ne. Dawowar ciwon ma shaida ce cewa abin da aka sha a baya ya kwantar da shi ne kawai.

Hukuncin ya fi tsanani idan mutum ya miƙa ragowar ga wani. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin likitanci alhali ba a san shi da ilimin ba. Abu Dawuda ya kuma kawo labarin wani sahabi da dutse ya fasa wa kai a wata tafiya, ya wayi gari da janaba, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwamen yin taimama, suka ce ba shi da shi, ya yi wanka ya rasu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zarge su da kakkausar murya saboda ba su tambaya ba alhali ba su sani ba. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma ba ta ɗauke musu zargi ba. Maƙwabciyar da ta ce wa 'yar'uwarta, "Ungo, sha wannan, shi aka ba ni lokacin da nawa ya tashi," tana tsaye a irin wannan matsayi, ko da tausayi ne ya motsa ta.

Batun almubazzaranci

Hujja ta biyu ita ce ta tattali. An sayi maganin da kuɗi, addini ya hana tozarta dukiya, don haka barinsa ya lalace laifi ne. Wannan tunani yana da tushe mai kyau, musamman a lokacin da farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. Amma ma'anar tozarta dukiya a wurin malamai ita ce sanya ta a inda ba ta da amfani na duniya ko na lahira. Darajar magani tana cikin warkarwar da yake yi, ba kamar abinci ba da duk wanda ya ci ya ƙoshi. Kafson da aka haɗiya ba a muhallinsa ba ya tozarta kamar wanda aka zubar, ya ƙara da ɗora wa jiki nauyi. Idan kuma jinkirin ya kai ga kwanciya a asibiti da tiyata, kuɗin da aka guje wa kashewa zai ninka.

Samuwar ragowa a gida ba kullum take nuna sakaci ba. Wani ya daina sha ne da ya ji sauƙi, wani kuma an sayar masa da kwali guda alhali kwana uku ko biyar yake buƙata, wani likita ne ya duba shi ya ce ya tsaya. Likitoci a yau sun karkata ga gajarta kwanakin shan waɗannan magunguna a cututtuka da dama. Saboda haka abin dubawa shi ne yadda aka yi da ragowar daga baya.

Haƙƙin jama'a a cikin maganin mutum ɗaya

A nan ne maganin kashe ƙwayoyin cuta ya bambanta da farasitamol. Wanda ya sha maganin zogi ba bisa ƙa'ida ba, hantarsa ko cikinsa ya cutar. Wanda ya sha amoksilin ya taɓa wani abu da ya wuce jikinsa. Baki da hanjin ɗan'adam suna ɗauke da bakteriya masu ɗimbin yawa. Duk lokacin da magani ya shiga, masu rauni suna mutuwa, waɗanda ke da juriya suna saura su hayayyafa. Suna iya miƙa wannan juriya ga wasu nau'o'in bakteriya, sannan su fita ta hannu da ruwa da abinci da bayan gida su isa ga mutanen gida da na unguwa. Daga nan sai a samu jariri ko mai jego ko wanda aka yi wa aiki da maganin ba ya yi musu amfani.

Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya hango wannan tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. Ya kawo misalin mutumin da ya sayi maganin ya sha abin da bai kai ba don ciwon maƙogwaro, ya koya wa ƙwayoyin cutar juriya, ya sa wa matarsa, ta kamu da ciwon huhu, magani ya gaza, ta mutu. Ya ɗora alhakin a kan mijin. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bijirewar bakteriya ga magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Ta fuskar falsafa, ƙarfin maganin dukiya ce ta tarayya. Garrett Hardin ya bayyana irin wannan matsala a 1968 da misalin makiyaya ta kowa da kowa: kowane makiyayi yana cin ribar ƙarin saniyar da ya saka shi kaɗai, asarar ciyawa kuwa ana raba ta ga kowa, har filin ya ƙare. Shari'a ta san wannan nau'i na dukiya, domin hadisi ya sanya ruwa da ciyawa da wuta a matsayin abubuwan da mutane suka yi tarayya a cikinsu. Kwalin magani mallakin wanda ya saya ne, amma ikonsa na kashe cuta bai shiga cinikin ba. Yana ƙaruwa ko raguwa ne da abin da kowa ke yi.

Ana iya cewa kafso shida na mutum ɗaya ba za su sauya komai ba a duniyar da ake ba kaji da shanu tan-tan na waɗannan magunguna. Gaskiya ne ba za a iya nuna wanda ya mutu saboda su ba. Amma cutarwar gaba ɗayanta ta haɗu ne daga ayyuka irin wannan, waɗanda kowane mai yin su yake ganin nasa bai kai a ƙirga ba. Immanuel Kant, a littafinsa na 1785 kan tushen ɗabi'a, ya sa ma'aunin aiki ya zama ko mai yin sa zai yarda kowa ya bi ƙa'idar da ya bi. Wanda ke shan ragowa yana son maganin ya ci gaba da aiki ranar da ɗansa zai buƙace shi, wato yana fatan sauran mutane su kame daga abin da ya halatta wa kansa. A fikihu kuma, hadisin hana cutar da kai da cutar da wani, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, bai keɓe cutarwar da ake iya sanin sunan wanda ta faɗa wa ba. Daga gare shi aka ciro ƙa'idar cewa ana jure cutarwar da ta keɓanta da mutum ɗaya don kauce wa wadda ta game jama'a, kamar yadda aka tsara a Majalla, kundin dokokin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, tsakanin 1869 da 1876.

Ko maganin da likita ya rubuta daidai yana rage wani abu daga wannan dukiya ta tarayya. Bambancin shi ne an kashe shi a kan buƙata ta gaske, kuma jama'a sun yarda da irin wannan kashewa domin kowa yana iya zama mai buƙatar. Kumburin dasashi da wankewa da ruwan gishiri za su iya kwantarwa bai kai wannan matsayi ba.

Iyakar larura

Hujja mafi nauyi ita ce ta rashi. Likitocin haƙori kaɗan ne a Najeriya da Nijar idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma akasarinsu suna manyan birane. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da sassan haƙori, amma mutumin ƙauye yana buƙatar kuɗin mota, da na kati, da na hoto, da na cirewa, ga hanya da wani lokaci ba ta da tsaro. Ga irin wannan mutum, ragowar da ke hannunsa ita ce asibitin da ya fi kusa. Shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, kuma larura tana halatta abin da aka hana.

Sai dai ƙa'idar tana da ta biyunta, cewa ana auna larura gwargwadonta. Wanda fuskarsa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, tsakaninsa da asibiti akwai tafiyar yini, idan ya fara shan amoksilin da bai lalace ba, wanda ya san jikinsa yana karɓa, yana kan hanyar zuwa, ba a daidaita shi da mazaunin birni da ke da asibiti a bayan layinsa amma yake ƙyashin bin layi ko tsoron allurar kashe zafi. Rangwamen na farko ma bai ɗauke masa tafiyar ba. Kuma ciwon da ke dawowa yana raunana hujjar larura ta wata fuska: tsakanin tashi da tashi akwai makonni ko watanni na lafiya, waɗanda za a iya tara kuɗi a cikinsu a nemi likita. Larurar da mutum ya san tana tafe, yana da ikon kauce mata bai yi ba, ba ta da ƙarfin wadda ta auko ba zato.

Akwai kuma abubuwan da ke rage zafi ba tare da taɓa haƙƙin kowa ba: kurkurar baki da ruwan ɗumi mai gishiri sau da yawa a yini, tsabtace wurin a hankali, da shan farasitamol bisa adadin da aka ƙayyade. Samuwar waɗannan tana ƙara ƙuntata ƙofar rangwame. Alamomin da ba sa karɓar jinkiri ko kaɗan su ne kumburin da ya sauka wuya ko ya hau ido, kasa haɗiyar yawu, kasa buɗe baki, da wahalar numfashi. A nan neman likita ya zama wajibi, domin rai ne a kan hanya.

Rabon alhaki

Ba mai ciwo kaɗai ke ɗauke da nauyin wannan al'amari ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya a Ihya'u Ulumiddin, wato idan gari ya rasa mai yin sa, laifin yana kan al'umma gaba ɗaya. Yankin da babu likitan haƙori ko ɗaya ya bar mutanensa da zaɓi tsakanin zogi da kuskure, kuma hukuma da masu hali suna da kaso a cikin abin da ya biyo baya. Mai kemis da ke sayar da kafso biyu ko uku gwargwadon kuɗin mai saye, alhali doka ta sharɗanta takardar likita, yana da nasa kason. Haka likitan da ke rubuta magani don ya sallami mai ciwo da sauri maimakon ya wanke wurin ko ya tura shi inda za a cire haƙorin, da mai kiwon kaji da ke zuba maganin a ruwan sha ba tare da cuta ba. Najeriya ta fitar da tsarinta na ƙasa kan wannan matsala a 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ware 18 zuwa 24 ga Nuwamba na kowace shekara don wayar da kai, amma tsari ba ya aiki sai ya isa shagon magani da cikin gida.

Abin da waɗannan ƙa'idoji suka haɗu a kai shi ne cewa asalin shan ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta don ciwon haƙorin da ke dawowa abin guje wa ne, hanin yana ƙaruwa idan akwai likita a kusa ko idan za a miƙa wa wani, yana sassauci ga wanda aka rutsa da shi gwargwadon rutsawar. Abin da ya hau kan mai ciwo shi ne ya je a duba haƙorin a lokacin da ya lafa, ya faɗa wa likita duk abin da ya riga ya sha da adadinsa, ya bi umarnin da aka ba shi, ya mayar da abin da ya rage ga mai harhaɗa magunguna ko ya tambaye shi hanyar zubar da shi inda yara da dabbobi ba za su kai ba.